Takarda kafin kuɗi: yadda ake fita daga hannun kamfanin karɓo bashi

Ranar da bashi ya bar hannun wanda ya ba ka shi ya koma hannun kamfanin karɓo bashi, abu biyu ne suke canjawa: muryar da ke kiranka, da lissafin da ke bayan muryar. Yawancin mutane muryar kawai suke ji su firgita. Daga nan sai ɗayan biyu, ko dai mutum ya kashe waya ya shiga wasan ɓuya, ko ya yi saurin tura ɗan abin da ke hannunsa don a ƙyale shi ya sha iska. Ɓuya tana kai maganar kotu a yanke hukunci a bayan idonka. Biyan gaggawa kuma yana iya sa ka biya bashin da ba naka ba, ko adadin da aka cika masa ƙari, ko ka farfaɗo da bashin da doka ta riga ta hana a kai ka ƙara a kansa. Abin da ke raba mutum da duka biyun shi ne kada kuɗi su fita daga hannunsa sai takarda ta shigo.

Fara da sanin wanda kake magana da shi, domin iri uku ne. Na farko sashen bin bashi ne na shi kansa bankin ko kamfanin da ya ba ka rance. Na biyu kamfani ne na waje da aka ba aiki: bashin yana nan na mai shi, su la'ada kawai suke ci a kan abin da suka karɓo, saboda haka ba su da ikon rage maka komai sai mai kuɗin ya amince. Na uku kuwa ya sayi bashin ne ɗungurungum, shi ne sabon mai bin ka. Bankuna kan tara basussukan da suka fid da rai da su, dubbai a lokaci guda, su sayar a dunƙule a farashi mai araha. Hukumar FTC mai kare masu saye a Amurka ta fitar da rahoto a 2013 da ya nuna cewa manyan masu sayen bashi suna biyan kimanin santi 4 ne a kan kowace dala. A wannan ma'auni, bashin 300,000 an saye shi a 12,000 ke nan. Wannan bai rage abin da doka ta ce ana bin ka ba, ko ƙwandala, amma ya nuna maka cewa wanda ya saya yana da filin sassauci mai faɗi: ko kashi ɗaya cikin uku ya samu, ya ci riba. Wani abin kuma, sau da yawa abin da ya saya layi ɗaya ne a cikin jerin sunaye a kwamfuta, suna da lambar waya da adadi, ba tare da ainihin yarjejeniyar da ka sa wa hannu ba.

Kiran farko ba na ciniki ba ne, na tattara bayani ne. Ɗauki biro ka rubuta sunan mai kiran, sunan kamfaninsa, adireshinsu, lambar asusun da suke magana a kai, sunan ainihin wanda ya ba da rancen, da adadin da suke nema. Ka tambaye shi kai tsaye: ku kuka sayi bashin ko aiki aka ba ku? Bayan haka jimla biyu sun isa: "Malam, na ji bayaninka. A turo mini komai a rubuce, idan na duba zan ba da amsa a rubuce." Kada ka ce "e, ana bi na", kada kuma ka ce "ba na biya". Kada ka faɗi inda kake aiki, ko nawa ne albashinka, ko bankin da kake ajiya. Lambar katinka da lambar sirri ba a bayarwa ga kowa a waya. Zai ce maka yau ce rana ta ƙarshe, ko rangwamen na yau ne kaɗai, ko takardarka tana kan teburin lauya. An horar da shi ya faɗi haka. Bashin da ya yi wata goma sha takwas a ƙasa ba zai lalace a kwana bakwai ba.

Ka keɓe littafi ɗaya ko fayil ɗaya a waya don wannan magana. Kowane kira: kwanan wata, lokaci, sunan mai kira, abin da aka ce. Kowane saƙo, ka ɗauki hotonsa. Mutane kan raina wannan aiki har sai ranar da ma'aikaci na huɗu ya musanta alkawarin da na farko ya yi. Naɗar murya kuwa doka ta bambanta daga wuri zuwa wuri, akwai inda sai ɗayan ɓangaren ya sani, don haka hanya mafi sauƙi ita ce ka gaya masa kana naɗa. Sau da yawa daga nan ma harshe yake sanyi.

'Yan damfara ma suna shiga wannan riga. Alamunsu ba ɓoyayyu ba ne: ba sa yarda su turo takarda, ba su da adireshi, suna so a tura kuɗi yanzu-yanzu zuwa asusun wani mutum ba na kamfani ba, ko ta katin kyauta ko kuɗin kirifto, suna kuma barazanar kamu a yau. Ka kira ainihin wanda ya ba ka rancen ta lambar da ke jikin tsohuwar takardarka, ba wadda mai kiran ya ba ka ba, ka tambaya ko sun miƙa asusunka ga wani, kuma wane ne.

Wasiƙar neman hujja ita ce makaminka na farko, kuma ba ta buƙatar lauya. Ga abin da za ta ƙunsa, a taƙaice: "Na samu saƙonku game da asusu mai lamba kaza. Ina neman ku aiko mini da kwafin yarjejeniyar da na sa wa hannu, cikakken bayanin asusun tun daga farko wanda ke nuna uwar kuɗi da kuɗin ruwa da tara da duk abin da na biya, ranar biya na ƙarshe, da shaidar cewa an sayar muku da bashin ko an wakilta ku. Wannan wasiƙa ba amincewa da bashin ba ce." Jimlar ƙarshen nan kada a manta da ita, dalili yana tafe. A aika ta hanyar da ke barin shaida, wasiƙa mai rajista ko imel, a ajiye kwafi.

Ƙarfin wannan wasiƙa ya danganta da dokar inda kake. A Amurka, dokar tarayya ta 1977 da aka fi sani da FDCPA ta wajabta wa kamfanin ya ba ka sanarwar bashin a rubuce cikin kwana 5 da fara tuntuɓarka, kana kuma da kwana 30 ka ƙalubalanta a rubuce. Idan ka yi haka a cikin wa'adin, dole su dakatar da bin ka har sai sun kawo tabbaci. A Birtaniya, dokar rancen masu saye ta 1974 ta ba ka damar neman kwafin yarjejeniyar da fam 1 kacal, kuma idan ba su kawo ba cikin kwanakin aiki 12, ba za su iya tilasta biya ta kotu ba muddin ba su kawo ɗin ba. Ko inda babu irin wannan doka a fayyace, wanda ya ce yana bin ka shi ne zai kawo hujja a gaban alƙali, don haka neman ta tun yanzu ba rashin kunya ba ne.

Idan takardun sun zo, zauna da na'urar lissafi ka bi su layi-layi. Kurakuran da aka fi samu sanannu ne. Suna ya zo ɗaya da na wani. An yi amfani da bayananka an ci rance ba da saninka ba. Ka biya wani ɓangare wa tsohon mai bashin amma ba a cire ba kafin a sayar. An ɗora "kuɗin karɓo bashi" ko "kuɗin lauya" da babu su a yarjejeniyar, alhali a ƙa'ida ba a ƙara abin da yarjejeniya ko doka ba ta halatta ba. An ɗora ruwa a kan tara, sannan tara a kan ruwan. Akwai kuma bashin da aka biya tuni amma aka sake sayar da shi a cikin wani tarin. Idan rancen 200,000 ne yanzu suna neman 310,000, to 110,000 ɗin nan dole kowane ɓangarensa ya kasance da suna da kwanan wata da sakin layi a yarjejeniyar da ya ba shi izini. Wanda ba shi da su, ka ƙalubalance shi a rubuce, a kan wannan ɓangaren kaɗai, ba sai ka musanta duka ba.

Yanzu ga wurin da aka fi faɗawa rami. Kusan kowace ƙasa tana da wa'adin da idan ya wuce ba a kai ƙara a kan bashi ba, kotu ba za ta tilasta biya ba. A Ingila da Wales shekara 6 ne ga yawancin basussukan da ba su da jingina, bisa dokar 1980. A Scotland shekara 5 ne. A Amurka kowace jiha da nata, yawanci tsakanin shekara 3 zuwa 6, wasu sun fi haka. Abin da mutane ba su sani ba shi ne agogon yana iya komawa farko. A Ingila, idan ka biya ko da ɗan kaɗan ne, ko ka amsa bashin a rubuce kafin shekara 6 su cika, lissafi ya koma sifili, amma idan sun riga sun cika ba ya farfaɗowa. A jihohi da dama na Amurka kuwa, ɗan abin da ka biya yana iya raya bashin ko da wa'adin ya wuce. Shi ya sa mai kira kan ce, "Turo ko nawa ne don mu ga kana da niyya." Ba ɗan kuɗin yake so ba, sabon kwanan wata yake so. Don haka kafin ka tura komai a kan tsohon bashi, nemo ranar biyanka na ƙarshe, ka san wa'adin wurinku.

Cikar wa'adi, a yawancin wurare, hana ƙara take yi, ba ta mayar da bashin kamar ba a ci ba. Wanda ya san ya ci kuɗin mutane kuma yana so ya sauke nauyi, wannan abu ne mai kyau, ni ma shi nake ganin ya fi. Sai dai ya biya yana sane da matsayinsa, a kan adadin da aka amince a rubuce, ba don an tsorata shi da kotun da ba za ta saurari ƙarar ba.

Barazana ita ce jarin wasu kamfanonin, don haka ya kamata a san iyakarta. Bashi na yau da kullum magana ce tsakanin mutum biyu, ba laifi ba ne da ake ɗaure mutum a kansa. Sashe na 11 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan 'yancin jama'a da siyasa ya ce ba a ɗaure mutum don kawai ya kasa cika alkawarin kwangila. Inda ake shiga matsala shi ne zamba, ƙin bin umarnin kotu, tarar kotu, haraji, kuɗin ciyar da 'ya'ya da kotu ta yanka, da kuma cekin da ba kuɗi a bayansa a wasu ƙasashe. Ma'aikacin kamfanin karɓo bashi ba ma'aikacin kotu ba ne. Ba shi da ikon shiga gidanka ko ɗaukar kayanka ko taɓa albashinka ba tare da hukunci ba. Idan ya zo ƙofa, kana iya yi masa magana a waje ko ka ce ya tafi. Bashin da ke da jingina, kamar gida ko mota, shi hukuncinsa daban ne, yarjejeniyar kan ba mai kuɗin damar karɓe kayan ta hanyar da doka ta tsara.

A Amurka an hana su kira kafin ƙarfe 8 na safe ko bayan 9 na dare, an hana zagi da ƙaryar cewa su lauyoyi ne ko jami'an gwamnati, an hana gaya wa maƙwabta ko abokan aiki cewa ana bin ka bashi. Ƙa'idar da ta fara aiki a Nuwamba 2021 ta ɗauki kira fiye da 7 cikin kwana 7 a kan bashi ɗaya a matsayin takurawa. A Birtaniya hukumar FCA mai kula da harkokin kuɗi ce ke sa musu ido. Duk inda kake, nemo hukumar da ke ba su lasisi ko mai kare masu saye, ka kai ƙorafi da littafin nan naka a hannu. Tozarta mutum ta hanyar tura wa lambobin da ke wayarsa saƙo, wanda wasu manhajojin ba da rance suka shahara da shi, ya saɓa wa dokokin kare bayanan sirri a ƙasashe da yawa. Akwai kuma wasiƙar "ku daina tuntuɓata", wadda a Amurka dole su bi. Amma a yi hattara da ita: kira take tsayarwa, ba bashi ba, kuma idan ka rufe ƙofar magana, ƙofar kotu ce ta rage musu. Gara ka ce a riƙa tuntuɓarka a rubuce kawai.

To, an tabbatar bashin naka ne, adadin daidai ne, wa'adi bai wuce ba. Kafin ka yi tayi, yi lissafin gidanka. Rubuta abin da ke shigowa a wata, ka cire na dole: wurin kwana, abinci, wuta da ruwa, magani, kuɗin zuwa wurin aiki, makarantar yara. Abin da ya rage shi ne kaɗai na masu bashi. Idan suna da yawa, kada ka auna su da ƙarfin murya. Wanda ya fi damunka da kira sau da yawa shi ne wanda ya fi ƙarancin iko a kanka, shi ya sa yake ihu. A sahun gaba akwai bashin da rashin biyansa zai raba ka da muhalli ko abin sana'a ko ya jawo hukunci: haya, jinginar gida, haraji, umarnin kotu. Sauran a raba musu gwargwadon girman bashinsu. A ce rarar 30,000 ce a wata, ana bin ka 300,000 da 200,000 da 100,000, jimla 600,000. Na farko ya samu 15,000, na biyu 10,000, na uku 5,000. Ka aika wa kowannensu kwafin lissafin. Tayin da ke tafe da lissafi ya fi wuyar ƙi, kuma idan magana ta kai kotu, alƙali zai ga ba gudu kake yi ba.

Biya kashi-kashi yana da tarko ɗaya babba, wato ruwan da ke ci gaba da hawa. Bashin 300,000 da ruwan kashi 3 cikin ɗari a wata yana haifar 9,000 kowane wata. Mai biyan 8,000 zai shekara yana biya, bashin kuma ya fi yadda ya same shi. Saboda haka sharaɗin farko na kowace yarjejeniyar kashi-kashi shi ne a tsayar da ruwa da tara, a rubuce. Na biyu, kada ka amsa adadin da za ka iya biya a wata mai kyau kawai, ka amsa wanda za ka iya a wata mafi muni. Yawancin irin waɗannan yarjejeniyoyi suna da sakin layi da ke cewa idan ka tsallake biya ɗaya, rangwamen ya rushe, duka adadin ya dawo. Nemi a ba ka kwana 10 ko 14 na sassauci, ka kuma sa ranar biya ta zo kwana biyu ko uku bayan ranar da kuɗinka ke shigowa.

Idan akwai kuɗi a dunƙule, daga gratuti ko sayar da wata kadara ko taimakon 'yan'uwa, nan ne ciniki yake da armashi, domin tsuntsu ɗaya a hannu suke so. Yanke wa kanka iyakar da ba za ka haura ba, ka fara daga ƙasa da ita sosai. Mai 120,000 a kan bashin 300,000 yana iya farawa da 75,000. Za su ƙi, su ce 250,000. Ka ƙara kaɗan-kaɗan, kada ka yi tsalle, kada kuma ka faɗi iyakarka ko inda kuɗin suka fito dalla-dalla. Idan aka tsaya cak, ka yi sallama cikin mutunci ka bar tayin a rubuce da wa'adin kwana 14. Ƙarshen wata lokaci ne mai kyau na sake kira, don ma'aikatan suna da adadin da ake so su cike. Wanda ya sayi tsohon bashi ya fi saurin sauka a kan ainihin bankin da bashinsa bai daɗe ba, kuma wanda ya san kana da albashi mai kauri ko kadara ba zai sauka da yawa ba, don ya san kotu za ta samar masa. Ƙarya kuwa kada ka yi ta. Idan aka gano ka ɓoye dukiya, ana iya rushe sulhun.

An daidaita a waya? Har yanzu ba a yi komai ba. Kafin sisi ya fita, sai wasiƙa ta zo a kan takardar kamfanin mai ɗauke da sunansa, da sa hannun wanda ke da iko, tana ɗauke da sunanka, lambar asusun, sunan ainihin mai rancen, jimlar da ake bi, adadin da aka amince, da ranar biya. Dole ta faɗa ƙarara cewa wannan adadi shi ne cikakken biya na ƙarshe, an yafe ragowar, ba za a sake nema ba, ba za a sayar wa wani ba, ba za a kai ƙara a kai ba. Idan wannan magana ba ta ciki, abin da ka tura za a ɗauke shi a matsayin wani ɓangare na biya, ragowar kuma, wato 180,000 idan a 120,000 aka daidaita, ta bayyana bayan shekara a hannun wani sabon kamfani. Idan akwai wanda ya tsaya maka lokacin cin rancen, ko kun ci tare da wani, a sa sunansa cewa shi ma an sallame shi, in ba haka ba kai ka huta shi a koma kansa. Idan kamfanin na la'ada ne, nemi shaidar cewa mai kuɗin ya amince. Idan an riga an shigar da ƙara, a rubuta cewa za su janye ta.

Wajen biya, ka tura da kanka ta banki zuwa asusu mai sunan kamfanin, ka rubuta lambar asusun bashin a wurin bayani. Kada ka ba su izinin cirar kuɗi kai tsaye daga asusun da albashinka ke shiga, ko lambar katinka, ko cek mai kwanan wata na gaba, domin cire fiye da abin da aka yi alkawari yana faruwa, kuma dawo da shi wahala ne. Kuɗi a hannu ga wakilin da ya zo gida shi ne mafi haɗari. In ya zama dole, sai da rasit mai hatimi da lamba, ka kuma tabbatar daga ofishinsu a ranar.

Sammacin kotu shi ne takarda ɗaya da ba a sa ta a ƙarƙashin katifa. Yawancin ƙararrakin bashi kamfanoni suna cin su ne ba don hujjarsu ta fi ba, sai don wanda aka kai ƙara bai amsa ba, aka yanke hukunci a bayan idonsa. Daga nan ikon da ba su da shi jiya ya zo hannunsu: riƙe asusun banki, yankar albashi, ƙwace kadara. A Amurka dokar tarayya ta ƙayyade yankar albashi a kan bashi na yau da kullum da kada ta wuce kashi 25 cikin ɗari na abin da ya rage bayan cire haraji da makamantansa. A Ingila hukuncin kotun gunduma yana zama a rajista shekara 6, sai dai idan an biya duka cikin wata ɗaya. Takardar tana ɗauke da kwanakin da aka ba ka ka amsa, ka amsa a ciki. Cikar wa'adin ƙara ma kai ne za ka ɗaga ta da bakinka, kotu ba lallai ta duba maka ba. Ka kira ofishin kotun ka tabbatar sammacin na gaske ne, don akwai masu buga takarda mai kama da ta kotu. Ko an shigar da ƙara ana iya sulhu, har a ƙofar kotu.

Kamfanonin da ke tallar "za mu rage maka bashi da rabi" ba na ba da shawarar su. Tsarinsu shi ne ka daina biyan masu bashi, ka riƙa tara kuɗi a wurinsu, su yanki nasu, ruwa na hawa, mai bashi kuma ba abin da ya hana shi kai ka ƙara a tsakani. Abin ya kai ga Amurka ta hana masu tallar wannan aiki ta waya karɓar lada kafin su daidaita bashi, tun 2010. Duk abin da za su yi, kai ma za ka iya da wasiƙa biyu. Masu ba da shawara kyauta su ne abin nema, irin StepChange da National Debtline a Birtaniya, ko ofisoshin taimakon shari'a. A Ingila da Wales ma akwai tsarin hutun kwana 60 da ya fara a 2021, wanda ake tsayar da ruwa da bin bashi a cikinsa, ta hannun irin waɗannan masu shawara ake shiga. Cin sabon rance mai tsadar ruwa don biyan tsoho, ko jinginar da gida don biyan bashin da da can ba shi da jingina, ƙara wa kai nauyi ne.

Bayan an biya, aiki bai ƙare ba. Nemi wasiƙar sallama da ke cewa asusun ya koma sifili. Bayan wata ɗaya ko biyu, nemi rahotonka daga hukumomin da ke ajiye tarihin bashin mutane ka ga abin da aka rubuta. Biya ba ya goge tarihi nan take: a Amurka tabon yana zama shekara 7 daga lokacin da ka fara gaza biya, a Birtaniya shekara 6 daga ranar da aka rubuta gazawar, kuma sulhu a kan ƙasa da adadi yakan fito da alamar cewa ba duka aka biya ba. Abin da za ka duba shi ne ragowar ta zama sifili, kuma ba a sabunta kwanan watan gazawar ba, don wasu kan mayar da shi ranar da suka sayi bashin, tabon ya ƙara shekaru. In ka ga haka, ka rubuta wa hukumar da kwafin wasiƙarka. Akwai kuma haraji: a Amurka, idan an yafe maka dala 600 ko fiye, ana kai rahoto ga hukumar haraji, kuma ana iya lissafa abin da aka yafe a matsayin kuɗin shiga sai dai in ka nuna basussukanka sun fi dukiyarka a lokacin. Tambayi yadda abin yake a wurinku kafin ka sa hannu.

Wasiƙar sulhu, rasit, da wasiƙar sallama, ka ajiye su a takarda da kuma hoto a imel ɗinka, aƙalla shekara 7. Idan wani sabon kamfani ya kira a kan wannan asusu, kada ka yi musu a waya. Karɓi adireshinsu, ka aika musu kwafin takardun uku tare da buƙatar su rufe asusun su tabbatar maka a rubuce, ka tura kwafi ɗaya ga kamfanin da kuka yi sulhu da shi.